Hutun bakin teku da iyali: a zauna Kribi ko a riƙa yawo a gaɓa?

Wani bawan Allah ya aiko tambaya daga Yola. Yana da hutun kwana goma, yana son ya kai maiɗakinsa da yaransu uku su ga teku karon farko, an kuma ba shi shawarar garin Kribi a kudancin Kamaru. Abin da ya shige masa duhu shi ne: ya sauka a Kribi ya zauna wuri guda, ko ya raba kwanakin tsakanin Limbe da Duwala da Kribi don kada kuɗinsa su ƙare a kallon wuri ɗaya? Ya kuma tambayi lokacin da ya fi dacewa, da inda zai sauka, da batun abinci da salla da tsaron yara.

Malam, ka zauna wuri guda, kuma Kribi ta isa. Na daɗe ina shirya wa 'yan'uwanmu na arewa irin wannan tafiya, kuma iyalan da suka dawo suna sa albarka su ne waɗanda suka ajiye kaya a ɗaki ɗaya, suka riƙa fita da safe suna dawowa da yamma. Ka fara lissafa hanyar kanta. Daga Yola za ka tsallaka iyaka zuwa Garwa, daga Garwa kusan kilomita 280 zuwa Ngaundare. Wuni guda ke nan ya tafi, in komai ya zo da sauƙi. A Ngaundare za ku hau jirgin ƙasa na dare, wanda ke tashi da yamma ya ci fiye da kilomita 600 ya isa Yawunde washegari da safe. Daga Yawunde kuma mota ce, kusan kilomita 280 ta Edea, awa huɗu zuwa biyar. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Cikin goman nan shida ne naka. Idan ka sake yanka shidan gida uku, kowane sauyin masauki zai cinye maka wuni: a tattara kaya, a nemi mota, a yi ciniki da sabon mai otal, a sake neman inda za a ci abincin da hankali ya kwanta da shi. Yara za su koma gida da labarin tashar mota, ba labarin teku ba. In aljihu zai ɗauka, akwai jirgin sama daga Garwa zuwa Yawunde ko Duwala, zai dawo maka da kwana biyu, amma ko da shi shawarata ba ta sauya ba.

Duwala ba garin hutu ba ne. Birnin kasuwanci ne a bakin kogin Wuri, da cunkoso da zafi, ba shi da gaɓar rairayin da za a shimfiɗa tabarma. Limbe tana da kyau na gaske, baƙin rairayi ne da ita saboda dutsen Kamaru mai aman wuta da ke bayanta, ana kuma jin Turanci. Sai dai tana cikin jihar Kudu maso Yamma, ɗaya daga cikin jihohi biyun da rikici ya addaba tun 2016, kuma ko da garin kansa ya fi ƙauyukan yankin kwanciyar hankali, ba zan tura mutum da mata da yara can ba a tafiyarsu ta farko. Saboda wannan dalilin ne ma nake hana mutanenmu shigowa ta hanyar Ikom zuwa Mamfe, duk da kuwa a taswira tana da ban sha'awa.

Kribi ita ce hedikwatar gundumar Océan a jihar Kudu, tana zaune a inda kogin Kienke ya zuba cikin tekun Atalantika. Gaɓar a nan tana miƙe ne daga arewa zuwa kudu, tekun yana yamma, don haka kullum rana cikin ruwa take faɗuwa, wajen ƙarfe shida da 'yan mintoci, rani da damina. Rairayin fari ne mai ɗan ja-ja, da bishiyoyin kwakwa, dajin kuma a wurare da dama yana saukowa har bakin ruwa. Mutanen Batanga da Mabi su ne 'yan ƙasa, masunta tun kaka da kakanni. Jamusawa sun mai da wurin tashar fitar da roba da hauren giwa a zamanin da suke riƙe da Kamaru, kuma idan ka tsallaka gadar Kienke za ka tarar da abin da suka bari: hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1906, da tsohuwar majami'ar Katolika a kusa da ita. Amma kada ka zo da tunanin ƙauyen masunta ne shiru. Bututun man Chadi mai tsawon kilomita 1,070, wanda ya taso daga yankin Doba aka kammala shi a 2003, a nan ya ƙare, kuma da dare za ka hango fitilun jiragen dakon mai can cikin teku. An kuma buɗe babbar tashar jiragen ruwa a 2018, kimanin kilomita 35 kudu da gari. Ita ta kawo manyan motoci a hanyar Edea, ta kawo ma'aikata, ta ɗaga kuɗin haya. A gefe guda kuma, saboda ita da baƙin da ke zuwa garin yake da bankuna da kantunan magani da kasuwa mai rai, abubuwan da mai iyali ke buƙata a kusa da inda ya ajiye kayansa.

Inda za ka kwana shi ne rabin hutun. Masaukai sun kasu ne bisa tsawon gaɓar. Cikin gari, wajen Ngoye da bakin kogi, komai na kusa: kasuwa, masallaci, masu babur, masu gasa kifi. Amma can ne hayaniya take, kuma gaɓar wajen ba ta kai sauran tsabta ba, musamman bayan ruwan sama idan kogi ya kwaso robobi. Kudu da gari, a hanyar da ta nufi matsirgar Lobe, nan ne otal-otal ɗin bakin ruwa suka fi yawa, ka fito ɗaki ka taka rairayi. Arewa kuma, hanyar Londji, ya fi shiru amma ya fi nisa da kasuwa. Ga mai iyali irinka, na fi son kudu, 'yan kilomitoci kaɗan daga gari, inda babur ko tasi zai kai ka masallaci cikin minti goma.

Na kuma fi son ka kama gidan haya mai kayan ɗaki da kicin, wanda can ake ce wa meublé, a kan ɗakunan otal biyu. Hajiya za ta dafa abin da yara suka saba da shi, za ku sami falon da za ku yi salla tare, kuma ba za ku kwana a saman mashaya ba. Wannan batun mashaya kada ka ɗauke shi da wasa. Kribi wurin shaƙatawar mutanen Duwala da Yawunde ne. Daga yammacin Juma'a motoci ke fara shigowa, Asabar da Lahadi gaɓar cikin gari ta cika da kiɗa da giya da shigar da ba za ka so 'ya'yanka su wuni suna kallo ba. Ba laifinsu ba ne, garinsu ne, hutunsu suke yi yadda suka saba. Kai ne za ka tsara kanka. Daga Litinin zuwa Alhamis gaɓar nan guda za ka same ta kusan babu kowa sai masunta, farashin ɗaki ma ya fi karɓar ciniki. Ka yi ƙoƙari ku iso ran Lahadi da yamma ko Litinin, kwanakin wankan teku su faɗo tsakiyar mako, ƙarshen mako kuma ku fita ƙauyuka.

Kafin ka tura kuɗin kafin alƙalami, ka tambayi abu huɗu a waya: akwai janareta, kuma har wane lokaci ake barinsa? Akwai tankin ruwa ko rijiyar burtsatse? Tagogi na da raga, ko akwai gidan sauro? Akwai mashaya ko wurin rawa a harabar ko a maƙwabta? Ka ce a turo maka bidiyon ɗakin na ranar, da na hanyar daga ƙofa zuwa bakin ruwa. Kalmar "bakin teku" a talla tana da faɗi. Na taɓa karɓar wani iyali da suka biya kuɗin mako guda daga nesa, suka iso suka tarar tsakaninsu da ruwa akwai kwalta da katangar wani. Ka biya kwana ɗaya ko biyu, sauran sai ka gani da idonka.

Lokaci kuma, kudancin Kamaru ba rani ɗaya da damina ɗaya kawai gare shi ba kamar namu. Ruwan da ke sauka a Kribi a shekara yana kusan kai milimita 3,000, wato ninkin na Yola wajen sau uku. Babbar damina Satumba zuwa Nuwamba ce, Oktoba ma sai a wuni ana ruwa. Disamba zuwa Fabrairu shi ne babban rani, kuma shi ne lokacin da nake ba ka shawara, amma ka kauce wa makonni biyun Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da ɗaki ke wuya kuɗinsa ya hau. Tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu babu kamarsa. Maris zuwa Yuni akwai ruwa, amma yakan zuba ya ɗauke rana ta fito. Yuli da Agusta, da suka zo daidai da dogon hutun makarantunmu, ɗan rani ne: ruwan sama ya ragu, gari ya yi sanyi-sanyi da gajimare, sai dai tekun ya fi haushi a watannin nan. In dole sai lokacin za ku zo, ku zo, amma ku rage shiga ruwa. Zafin wurin ba ya kai na Yola a ma'auni, da wuya ya wuce digiri 32 sosai, amma iskar jiƙe take, gumi ba ya bushewa, wanki ma sai ya kwana biyu a igiya. Ku ɗauko kaya marasa nauyi na auduga.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a duk amsar nan, kuma ina roƙonka ka karanta wa Hajiya da babban yaronka. Teku ba Binuwai ba ne. Wanda ya koyi iyo a kogi ya san ruwa yana tafiya gefe guda, ya san inda zai fita. Teku yana turowa yana ja, kuma yana sauya hali cikin awa guda. Sau biyu a kwana ruwa yake hawa, sau biyu yake sauka, kusan awa shida tsakanin cika da janyewa, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Dutsen da kuka zauna a kai da hantsi kuna ɗaukar hoto, da azahar ruwa ya zagaye shi. Tabarmar da kuka shimfiɗa nesa da ruwa, igiya ɗaya za ta kwashe takalma da waya.

Abin da ke kashe baƙi a wannan gaɓa tamu, tun daga Legas har Kribi, shi ne ruwan da ke komawa. Igiyoyi suna ta jibgo ruwa bakin gaɓa, ruwan nan dole ya koma, sai ya nemi wani ɗan lungu tsakanin tudun rairayin da ke ƙarƙashi, ko gefen duwatsu, ya fita ta nan da gudu, kamar yadda ruwan sama ke taruwa a tsakar gida ya bi ta rariya da ƙarfi. Abin tsoron shi ne wurin ya fi ko'ina kama da wurin lafiya. Ka tsaya a kan tudu ka duba: dama da hagu igiyoyi suna fashewa da farin kumfa, a tsakiya kuma akwai wata 'yar hanya da ruwan ya kwanta, ya ɗan yi duhu ko ya yi launin ƙasa, ganye da kumfa suna bin ta suna yin cikin teku. Baƙo da yara nan yake zaɓa, don ya ga babu igiya. To nan ne ba a shiga. Idan Allah ya ƙaddara ya ja mutum, ba ƙasa yake jan sa ba, ciki yake kai shi, kuma ƙarfinsa yana mutuwa bayan an wuce inda igiyoyi ke fashewa. Wanda ya yi ta kokawar dawowa kai tsaye shi ne ke gajiya ya nutse. A kwanta a kan ruwa, a ɗaga hannu a yi kira, a yi iyo ta gefe, bin tsawon gaɓa, har a fita daga hanyar, sannan igiya ta taimaka a dawo. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa da kaya don ceto, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. Ya jefa jarka ko duk abin da ke yawo a kan ruwa, ya kwala wa masunta kira.

A mafi yawan gaɓar babu masu gadin ceto. Masunta su ne malamanka. Kowace safiya ka gaishe su ka tambaya ina ne ke da kyau yau, ko da da hannu ne za su nuna maka. Kada a yi wanka a bakin Kienke ko bakin Lobe, inda kogi ke karo da teku. Kada a shiga bayan magariba. Yaron da bai iya iyo ba iyakarsa gwiwa, kuma babba yana tsaye kusa da shi yadda in ya miƙa hannu zai kama shi, ba yana zaune a inuwa yana latsa waya ba. Yaro mai nutsewa ba ya ihu, shiru yake yi. Ga matanmu kuma, doguwar riga da zane da babban hijabi in suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafafu, igiyar da ba ta kai ƙugu ba sai ta kayar da mace ta kasa tashi. Babu wanda ya ce a bar sutura. A nemi doguwar riga mara nauyi da wando da ƙaramin hijabi mai kama kai, a zaɓi sassafe lokacin da gaɓar ba kowa, a tsaya a inda ƙafa ke taka ƙasa sosai. Haka ma maza da kaftani da jamfa.

Abinci shi ne inda Kribi za ta biya ka wahalar hanya. A bakin kogi, unguwar Mboa Manga, akwai wurin sauke kifi da kowa ke kira débarcadère. Laraba da Asabar su ne manyan ranakun da kwale-kwalen da suka kwana a teku ke dawowa. Ka je da hantsi. Za ka ga ana jan kwale-kwale masu fenti zuwa gaɓa, matasa suna ɗauko kifi a manyan robobi suna zubewa a kan tebura na siminti, mata 'yan sari suna ɗaga murya da Faransanci da Batanga. Ka zaɓi naka da hannunka: ka duba idon ya zama garau, ka ɗaga marfin kunnen ka ga ja ne jawur, ka danna jikin da yatsa ya dawo. Ka yi ciniki, sannan ka miƙa wa ɗaya daga cikin matan da ke gashi a gefen. Za ta tsaga shi, ta shafe shi da niƙaƙƙen kayan ƙamshi, ta ɗora a kan gawayi, ta kawo maka da soyayyen agade ko miyondo, wato rogon da aka jiƙa aka daka aka naɗe a ganye aka dafa. Yajinsu na gefe yana da zafi, a ɗanɗana kafin a ba yara. Ka gama maganar kuɗin gashi da na abin haɗawa tun kifin bai hau wuta ba. Jatan landen kogin Lobe ma sun yi suna, manya ne, ana kama su da 'yan kwandunan saƙa da za ka gani jere a bakin kogin.

A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, kifi da jatan lande da ƙaguwa, ba ya buƙatar yanka, ruwan tekun kuma mai tsarki ne ana alwala da shi. Inda za ka sa ido shi ne naman tudu. A kudu ana cin alade da naman daji sosai, wasu otal-otal masu girkin Faransawa kuma suna zuba giya a miya. Ka tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi. Naman shanu a kasuwa akasari a hannun mutanenmu na arewa yake, Hausawa da Fulani, haka masu tsire, wanda can ake kira soya. Su ne kuma za su nuna maka masallacin Juma'a, kuma a wajensu Hausa da Fulatancinka za su yi maka aiki, ko da yake harshen gari Faransanci ne. Alƙibla arewa maso gabas take, wato in ka tsaya salla a gaɓa tekun zai kasance a bayanka. Agogo ɗaya ne da na Najeriya.

Fita kuwa, ka fara da matsirgar Lobe, kilomita bakwai zuwa takwas kudu da gari. Kogi ne ya zo ya bazu a kan duwatsu ya zubo kai tsaye cikin teku, abin da ba kasafai ake samu ba a duniya. Ba tsawo ne abin kallonta ba, faɗinta ne da yadda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri a gaban idonka. Bayan damina ta fi cika da ruri, a Fabrairu takan rage. Masu kwale-kwale za su kai ku kusa. Ka yi ciniki na zuwa da dawowa kafin a hau, kuma in babu rigar kariya daga nutsewa daidai jikin kowane yaro, ku kalla daga tudu, ana gani sarai. Za a kuma tallata maka tafiya cikin kogin zuwa matsugunin mutanen Bagyeli, mazauna daji. Tafiyar kogin tana da daɗi, amma ziyarar ba ta kwanta mini ba yadda ake yin ta. Mutane ne da gonakin kwakwar manja da na roba da gandun daji suka matse musu ƙasar farauta, yanzu ana tara su su yi rawa a ɗauki hotonsu, kuɗin kuma mafi yawa ya tsaya a hannun 'yan rakiya. In za ka je, ka je kamar baƙon da ya zo gaisuwa, ka nemi izini kafin hoto, abin da za ka bayar ka sa a hannunsu.

Gaba kaɗan da Lobe akwai Grand Batanga, doguwar gaɓa mai shiru, kuma garin Sarki Madola da Jamusawa suka kashe a 1914. A yaƙin duniya na farko an kwashe Batanga da yawa daga gaɓar nan zuwa yankin dutsen Kamaru, kuma dawowarsu a 1916 ce suke tunawa da bikin Mayi ran 9 ga Mayu kowace shekara. A arewa kuma akwai Londji, ƙauyen masunta a cikin wani lungun teku da ruwansa ya fi kwanciya, nan nake fara kai masu ƙananan yara. Masunta 'yan Najeriya suna da yawa a can, za ka sami mai jin Turancin buroka. In kun isa da sassafe za ku tarar ana jan taru daga gaɓa, mutane layi biyu suna ja da baya suna waƙa, kuma ba sa hana yaro ya kama igiyar.

Ebodje, kimanin kilomita 50 kudu, ita ce tafiyar wuni guda da ta fi cancanta. Ƙauyen mutanen Iyasa ne da suka rungumi aikin kare kunkuran teku, waɗanda ke fitowa da dare su haƙa rairayi su yi ƙwai, galibi daga wajen Oktoba zuwa Maris. Ganin kunkurun sa'a ce, kada ka yi wa yara alkawari, amma akwai ɗan gidan da ake bayani a kansu, gaɓar kuma ta fi ta Kribi tsabta nesa ba kusa ba. Bayan an wuce tashar jiragen ruwa hanyar jar ƙasa ce, da damina sai mota mai ƙarfi, don haka ka tambayi direbobi halin da take ciki a makon. Gandun dajin Campo Ma'an, da aka kafa a 2000 kusa da iyakar Ikwatoriyal Gini, yana da giwaye da gwaggon biri, amma tafiyar ƙafa ce cikin kurmi ta kwana biyu ko uku, ba ta ƙananan yara ba ce. Ka bar shi sai wani zuwan. Kada ma ka cika kwanakin da fita. Wuni ɗaya a fita, wuni ɗaya a zauna a gaɓar gida, yara su gina abin da za su gina da rairayi, ya fi musu komai.

Takardu: Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, amma akwai yarjejeniya tsakaninta da Najeriya da ta ba ɗan Najeriya damar shiga ba biza har kwana 90. Ka zo da fasfo na kowa, har jariri, a buga muku hatimin shiga a iyaka, domin jandarmomi a shingayen hanya shi suke nema. 'Yan'uwanmu na Nijar da Gana su sai da biza, kuma kowa ya tuntuɓi ofishin jakadanci kafin ya tashi don ƙa'ida na sauyawa. Katin rigakafin shawara, mai launin ɗorawa, dole ne ga kowa, ban da ƙaramin jariri. Kuɗin ƙasar sefa ce, amma sefar Afirka ta Tsakiya, ba ta Nijar da Benin ba. Darajarsu ɗaya, takardunsu daban, mai kifi a Kribi ba za ta karɓi ta Yamai ba. Ka canza nairarka tun a Garwa, inda 'yan canji suka san ta, kuma ka tara ƙananan takardu, don canji na wuya a ƙauyuka. In ka sayi layin MTN ko Orange na Kamaru da fasfonka, za ka iya ajiye kuɗin a waya ka riƙa cira kaɗan-kaɗan.

Sauron kudu ba ya hutun rani, zazzaɓin cizon sauro yana nan duk shekara. Ku ga likita kafin tafiya game da maganin rigakafi, musamman in Hajiya na da juna biyu, ku kwana cikin gidan sauro, duk yaron da jikinsa ya yi zafi a gwada jininsa a ranar. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari a gaɓa da ke cizo da sassafe da yamma, ba ka ganinsu sai ƙaiƙayi, man korar sauro a ƙafafu yana maganinsu. Ruwan sha na gora kawai.

Ranar komawa, ka sayi tikitin jirgin ƙasa tun kuna Yawunde a zuwa, ɗakin kwana mai gado huɗu, don yana ƙarewa da wuri. Ku bar Kribi da sassafe, kada ya zama yammacin Lahadi lokacin da duk baƙin ƙarshen mako ke rububin fita, kuma kada ku yarda dare ya same ku a hanyar Edea zuwa Yawunde, manyan motocin katako da na kwantena sun yi yawa a kanta. In kun isa Yawunde da azahar, akwai lokacin da za ku shiga unguwar Briqueterie, unguwar Hausawa, ku yi salla ku ci tuwo kafin ku wuce tashar jirgi.